Tambayoyin Masu Karatu: Hunturu a Gaɓar Tafkin Erie Lokacin Hutun Ƙarshen Shekara

Wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan magana ɗaya a wannan fitowa, wato yadda sanyi yake kasancewa a yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada a makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara, lokacin da makarantu suke hutu, iyaye suke kai ziyara, ɗalibai kuma suke hawa hanya. Na taƙaita wasiƙun, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatun digiri na biyu a birnin Buffalo na jihar New York, matarsa kuma ta sauka, shi ya sa nake da niyyar zuwa ganin jariri a hutun Disamba. Ya kwantar mini da hankali cewa hasashen hukuma ya nuna hunturun bana zai zo da sauƙi a yankinsu, amma ban manta da labarin da muka ji a rediyo a ƙarshen 2022 ba, na mutanen da suka rasu cikin motocinsu a wannan garin. Shin in dogara da hasashen in yanki tikiti? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya abin da aka samu, ya ƙara wa mai jego lafiya. Ɗanki bai yi miki ƙarya ba idan abin da ya karanta ke nan, sai dai irin wannan hasashe ba ya amsa tambayar da ke ranki, kuma ya kamata ki san dalili kafin ki biya kuɗin jirgi.

Hukumar NOAA, wadda ke kula da al'amuran teku da sararin samaniya a Amurka, takan fitar da hasashen hunturu a watan Oktoba na kowace shekara, kuma yana magana ne a kan watanni uku a dunƙule: Disamba da Janairu da Fabrairu. Abin da yake faɗa shi ne wanne ya fi yiwuwa cikin abubuwa uku, ko matsakaicin sanyin waɗannan watanni ya fi yadda aka saba, ko ya yi daidai da shi, ko ya gaza, kuma ma'aunin "yadda aka saba" shi ne lissafin shekaru talatin, daga 1991 zuwa 2020. Kamar dai hasashen damina ne da hukumar yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara: yana taimakon manomi ya zaɓi irin da zai shuka, amma ba zai gaya wa mai aurar da 'ya ko za a yi ruwa ranar ɗaurin aure ba. Ke kuwa makonni biyu ko uku za ki yi, kuma kwana biyu kacal a cikinsu sun isa su canja komai.

Tarihin garin kansa ya ba da shaida. A shekarar 2001 an shafe watan Nuwamba gaba ɗaya ba a ga dusar ƙanƙara a Buffalo ba, Disamba ma ta kusa ƙarewa cikin sauƙin sanyi, sai ga shi daga ranar 24 zuwa 28 ga watan dusar da ta zuba a filin jirgin saman garin ta haura mita biyu. Duk da haka, idan aka haɗa lissafin watanni ukun, wannan hunturu yana cikin masu sauƙi. A ɗaya gefen kuma, a 2015 sai ranar 18 ga Disamba aka fara samun dusar da za a iya aunawa, jinkirin da ba a taɓa gani ba a tarihin garin. Akwai ma wani abu da yake ɗaure wa baƙo kai: idan kaka ta zo da ɗumi, ruwan tafkin Erie, wanda Buffalo ke gaɓarsa, yakan daɗe bai huce ba, kuma wannan ruwa mai ɗumi shi ne yake ciyar da dusar ƙanƙara da zarar iska mai tsananin sanyi ta sauko daga arewa. Saboda haka shekarar da ake cewa tana da sauƙi ba ta rage haɗarin ƙarshen Disamba.

Abin da kika ji a rediyo ya faru da gaske. Da safiyar Juma'a 23 ga Disamba 2022 ana ruwan sama a Buffalo, cikin 'yan sa'o'i sanyi ya sauka ƙasa da sifili, iska ta taso da gudun da ya wuce kilomita 110 a sa'a, aka kuma yi kimanin sa'o'i 37 a jere cikin guguwar da ta hana mutum ganin abin da ke gabansa. Dusar da aka auna a filin jirgin sama ta kai kusan santimita 130, filin ya kasance a rufe har zuwa ranar 28 ga watan, mutane 47 kuma suka rasa rayukansu a yankin. An tsinci wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke babu abin ɗumama ɗaki, wasu zuciya ce ta buga suna kwashe dusa da shebur, wasu kuma motar asibiti ce ta kasa isa gare su. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne masana yanayi sun yi kwanaki suna gargaɗi kafin guguwar ta iso. Hasashen watanni uku bai hango ta ba, amma hasashen kwanaki kaɗan ya hango ta sarai.

Don haka shawarata ita ce ki tafi, amma ki yanki tikitin da za a iya canja masa rana ko da ya fi tsada, ki kuma bar tazarar kwanaki tsakanin ranar saukarki da duk wani taron da ba kya son ya wuce ki. Idan saura mako guda, ɗanki ya fara duba hasashen ofishin hukumar yanayi na Buffalo safe da yamma, domin daga kwana biyar zuwa uku ne maganar take fara tabbata. Magungunanki na yau da kullum, musamman idan akwai na hawan jini ko na ciwon suga, ki sa su a jakar hannu tare da rarar mako guda, saboda ana iya kwana a filin jirgin da aka yada zango akwati yana wani wuri. Ko babu guguwa, a Disamba zafin rana a Buffalo yakan tsaya ne a wajen digiri 3 a ma'aunin Salshiyas, da dare kuma ya sauka zuwa kamar 4 ƙasa da sifili, alhali daren hunturun Kano da muke kuka da shi yawanci yana sama da digiri 10. Su can da ma'aunin Faranhait suke aiki, inda 32 take daidai da sifili a namu, don haka idan kika ga 20 a fuskar waya, sanyi ne mai daskarar da ruwa. Yini kuma gajere ne, kimanin sa'o'i tara ne kawai, rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, za ki ga Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kusa da kusa. Ki goge ruwan alwala sosai kafin ki fita waje.

Abu na ƙarshe, Hajiya, kuma ina roƙonki da girmamawa ki ɗauke shi da muhimmanci. Mu a gida idan ɗari ya yi tsanani mukan jawo kasko mu hura gawayi, musamman a ɗakin mai jego. Gidajen can a toshe suke ruf don kada ɗumi ya fita, gawayi ko murhun girki ko janareto a cikin irin wannan gida yana tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci, jariri kuma shi ne farkon wanda take kamawa. Idan wuta ta ɗauke, a taru a ɗaki ɗaya, a rufa da barguna, a kira lambar gaggawa ta 911 idan sanyin ya fi ƙarfi.

Tambaya: Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Muna koya wa yara cewa babban ruwa yana sassauta yanayin garuruwan da ke gaɓarsa. To me ya sa garuruwan bakin waɗannan tafkuna suka fi na nesa da su shan dusar ƙanƙara? Na kuma ji an ce wata unguwa takan nutse cikin dusa alhali maƙwabciyarta tana ganin rana. Daga wani malami a Damagaram.

Amsa: Malam, abin da kuke koyarwa daidai ne, kuma shi ne ma tushen al'amarin. Ruwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa. Tafkunan nan biyar, Superior da Michigan da Huron da Erie da Ontario, waɗanda suka ƙunshi kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke bisa doron ƙasa, sukan tara zafin bazara su riƙe shi har cikin Disamba. Shi ya sa ake noman inabi a kudancin gaɓar Erie, domin tafkin yana jinkirta zuwan sanyi mai kashe tsiro. Amma idan busasshiyar iska mai tsananin sanyi ta taso daga arewacin Kanada ta bi ta kan wannan ruwa, sai ta ɗebi ɗumi da tururi daga ƙasa, ta yi sauƙi ta haura sama, tururin ya daskare ya zama gajimare, gajimaren kuma ya sauke kayansa a gaɓar da iskar ta dosa. Wanda ya taɓa ganin yadda tururi yake tashi daga kan kogi da sanyin asuba a watan Janairu ya ga ƙaramin misalin abin. Masana suna da ma'auni a kan haka: sai ruwan tafkin ya fi iskar da ke sama da shi da kimanin mita 1,500 ɗumi da digiri 13 ko fiye kafin abin ya kankama.

Sharaɗi na biyu shi ne nisan tafiyar da iskar za ta yi a kan ruwa, kuma a nan ne Buffalo ta samu kanta a bakin haɗari. Tafkin Erie dogo ne siriri, tsawonsa kusan kilomita 390, ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, Buffalo kuma tana daidai ƙarshensa na gabas. Idan iska ta biyo tsawon tafkin, takan haɗa gajimaren ya zama zare ɗaya dogo wanda faɗinsa sau da yawa bai wuce kilomita ashirin ko talatin ba, a ƙarƙashinsa dusa tana iya taruwa santimita biyar zuwa goma ko fiye a kowace sa'a, wani lokaci har da tsawa da walƙiya. Wanda ke wajen zaren kuwa yana iya tsayawa cikin hasken rana yana kallonsa kamar katangar gajimare. Ɗan karkacewar iska kaɗan shi yake yanke hukuncin unguwar da za ta sha: idan ta fi karkata daga yamma, garuruwan kudancin Buffalo irin su Hamburg da Orchard Park ne a ciki, idan ta ƙara juyawa daga kudu maso yamma, sai zaren ya hau tsakiyar birnin da arewacinsa. A Nuwamban 2014 wasu garuruwan kudu da gabashin birnin sun samu kusan mita biyu cikin 'yan kwanaki, yayin da unguwannin arewa suka samu ɗan kaɗan. A Nuwamban 2022 ma Orchard Park ta samu kimanin mita biyu, har sai da aka mayar da wasan ƙwallon ƙungiyar Buffalo Bills zuwa birnin Detroit.

Abin da ke kashe wannan aiki shi ne daskarewar tafkin, domin ƙanƙara murfi ce da ke hana tururi tashi. Erie ya fi sauran rashin zurfi, matsakaicin zurfinsa mita 19 ne kawai, saboda haka shi ne ya fi saurin daskarewa, amma yawanci sai a Janairu ko Fabrairu yake rufewa. Wannan ne ya sa makonnin hutun ƙarshen shekara suke faɗawa a tsakiyar lokacin haɗari: iska ta riga ta yi sanyi, ruwa bai rufe ba tukuna. Tafkin Ontario kuwa, mai matsakaicin zurfin mita 86, da wuya ya daskare gaba ɗaya, shi ya sa tudun Tug Hill da ke gabashinsa yake samun dusar da ta haura mita biyar a shekara, birnin Syracuse yake samun fiye da mita uku, alhali Buffalo tana samun kimanin santimita 240. Ko rufewar tafkin ma ba kullum take zama kariya ba. A ƙarshen Janairun 1977 Erie ya riga ya daskare, busasshiyar dusa ta taru a kansa, iska ta kwaso ta ta jibga wa Buffalo, mutane fiye da ashirin suka mutu.

Ga ɗalibanka da za su tambayi abin da masu hasashen watanni suke dubawa, babban abin shi ne zafin ruwan tekun Fasifik a yankin tsakiyar duniya. Shekarar El Nino mai ƙarfi, wato lokacin da wannan ruwa ya fi yadda aka saba ɗumi, takan kawo wa yankin tafkunan hunturu mai sauƙi, kamar 2015 da kuma 2023 zuwa 2024, lokacin da ƙanƙarar saman tafkunan ta yi ƙarancin da ba kasafai aka gani ba tun da aka fara ajiye lissafinta a 1973. La Nina kuma, wato lokacin da ruwan ya fi yadda aka saba sanyi, takan karkata ga yawan ruwa da dusa da saurin sauyawar yanayi, kuma a cikinta aka yi guguwar 2022.

Tambaya: Wannan ne hunturuna na farko a birnin Cleveland. Ni da abokaina biyu mun shirya tuƙa mota zuwa Toronto a hutun Kirsimeti, ta hanyar Buffalo. Me ya kamata mu sani? Daga wani ɗalibi ɗan Zariya.

Amsa: Ɗana, ka buɗe taswira ka dubi hanyar da za ku bi. Babbar hanya mai lamba 90 daga Cleveland zuwa Buffalo, tafiyar kusan kilomita 300, tana bin gaɓar kudu maso gabashin Erie ne kusan daga farko har ƙarshe, wato daidai inda dusar da na bayyana wa malam take sauka. Kuna iya barin gida sararin sama tas, bayan sa'a guda ku shiga wurin da ba kwa ganin fitilar motar da ke gabanku. Hukumomi sukan rufe wannan hanya idan abin ya yi tsanani, a Disamban 2022 har gadar Peace Bridge da za ku ƙetare zuwa Kanada sai da aka rufe.

Sanarwar hukumar yanayi hawa-hawa ce, kuma wajibi ne ka san bambancinsu. Akwai ta shiri, wadda ke nufin mummunan yanayi yana iya zuwa nan da kwana ɗaya zuwa uku. Akwai ta gargaɗi, wadda ke nufin yana dab da zuwa ko ya riga ya fara. Ana kiran abu guguwar dusar ƙanƙara a hukumance idan iska ta kai gudun kilomita 56 a sa'a, gani ya gaza mita 400, aka kuma ɗauki sa'o'i uku ko fiye a haka. Idan an fitar da gargaɗi a kan kowane yanki na hanyarku, ku ɗage tafiyar. Idan kuma ƙaramar hukuma ta hana tuƙi, doka ce mai hukunci, kuma motar da ta maƙale tana tare hanyar masu share titi da motocin asibiti, ta jawo wa wani asarar rai.

Idan hanya ta yi kyau kuka tashi, ku tashi da safe da tanki cike, kada ku bari mai ya sauka ƙasa da rabi. Ku ɗauki bargo ga kowane mutum, da ruwan sha, da dabino ko gyaɗa, da tocila, da ƙaramin shebur, da cajar waya, ku kuma tabbatar tayoyin na hunturu ne ko aƙalla ba su suɗe ba. Ku ninka tazarar da kuka saba bari tsakaninku da motar gaba, ku yi hattara da gadoji domin su ne suke fara daskarewa. In Allah ya ƙaddara kuka maƙale, ku zauna cikin motar, domin mutum yana ɓacewa a tafiyar mita ɗari idan fari ya rufe ko'ina. Ku kunna inji kamar minti goma a kowace sa'a don ɗumi, amma kafin kowace kunnawa wani ya fita ya share dusar da ta toshe bakin salansa, a kuma ɗan sassauta gilashi ɗaya, in ba haka ba hayaƙin zai dawo cikin motar.

Game da sutura, riguna uku marasa kauri da aka jera sun fi ƙatuwar riga ɗaya: ta ciki mai tsotse gumi wadda ba ta auduga ba, ta tsakiya ta ulu, ta waje mai tare iska da ruwa. Hula mai rufe kunne da safar hannu da takalmi mai tsayi wanda ruwa ba ya shiga ba ado ba ne a can. Iska tana ƙara wa sanyi kaifi, kuma idan sanyin da jiki ke ji ya kai digiri 28 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin rabin sa'a ko ƙasa da haka. Yatsan da ya yi fari ya daina jin taɓi ba a murza shi, ba a kanga shi a wuta. Ruwa mai ɗumi kaɗan ake sa shi a ciki a nemi asibiti. Abokin da ya yi ta rawar ɗari sannan maganarsa ta fara sarƙewa yana jin barci, jikinsa ne ya yi sanyi fiye da kima, a gaggauta kiran agaji.

Tambaya: Na ga hotunan da ke nuna magangarar ruwan Niagara ta daskare. Gaskiya ne? Kuma ana iya takawa a kan tafkin Erie idan ya daskare? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

Amsa: 'Yata, ruwan bai tsaya ba a waɗannan hotuna. Feshin da ke tashi daga magangarar ne yake daskarewa a kan duwatsu da bishiyoyi da bakin gaɓa, ya yi ɓawon ƙanƙara mai kauri, ruwan kuma yana ci gaba da kwarara a bayansa da ƙarƙashinsa. Lokacin da aka san ya kusa tsayawa cak saboda sanyi shi ne ƙarshen Maris na 1848, sa'ad da tarin ƙanƙara ya toshe bakin kogin Niagara, wanda ke kai ruwa magangarar, daga wajen tafkin Erie na fiye da yini guda. Tun daga 1964 ake shimfiɗa shinge mai yawo a kan ruwa a bakin kogin kowane hunturu domin rage ƙanƙarar da ke shiga. A da mutane sukan yi yawo a kan gadar ƙanƙarar da ke haɗuwa a gindin magangarar, har zuwa Fabrairun 1912 da ta tsage ta tafi da mutum uku, aka haramta hawanta.

Takawa a kan tafki kuwa, masu kamun kifi na yankin suna yi a tsakiyar hunturu, kuma ƙa'idarsu ita ce sabuwar ƙanƙara garai-garai mai kaurin santimita goma aƙalla ga mai tafiya da ƙafa, bayan sun huda sun auna. A makonnin Kirsimeti da sabuwar shekara ƙanƙarar Erie ba ta kai haka ba a yawancin shekaru, tudun ƙanƙarar da ke taruwa a bakin gaɓa kuma sau da yawa rami ne a ƙarƙashinsa da ruwa mai motsi. Idan kika samu zuwa, ki tsaya bayan shingen da aka tanada don masu kallo, ki sa takalmi mai kama ƙasa, domin feshin yana mayar da daɓen wurin santsi kamar gilashi.